Karen Buzaye a Saman Ɗakunan Soron Ɗinki

Kusan kullum yanzu sai wani saurayi ya tare ni a bakin kangon da nake kiwon karnuka, ya zaro waya ya nuna mini hoto, ya ce irin wannan yake so ya ajiye a gida. Wani ma ba ya tsayawa nan, sai ya ƙara da cewa shi ma sana'ar zai shiga, don a ganinsa ba wani abu ba ce illa ka zuba wa karya tuwo ka zauna jiran ta haihu. Nakan yi dariya in matsa masa a kan benci. Sunana Sabo, a Jakara aka haife ni, kuma na haura shekara arba'in ina kiwon karnukan farauta ina horar da su. Tunda kun ce abin mai sauƙi ne, ku gyara zama in ba ku labarin karya guda ɗaya da ta hana wata unguwa sakat har kwana uku, ta kuma kusa sa ni ajiye sana'ar.

Aikin farko da na taɓa yi wa kare ɗinki ne. Mahaifina baduku ne, yana ɗinka kube da jakunkuna a bayan kasuwar Kurmi, ni kuma ina taya shi. Wata rana wani mafarauci da ake kira Baba Mato ya zo yana neman abin wuyan kare. Na yanka fata na ɗinka masa siriri mai kyau, har da adon jan zare, ina ta jin kaina. Ya jujjuya shi ya tambaye ni na wane kare ne. Na ce na kare mana. Washegari sai ya ja ni zuwa kangonsa a bayan badala, ya ɗaura wa wata doguwar karyar Buzaye. Ja da baya ɗaya ta yi ta zare kanta kamar an zare hannu daga riga. Ranar na san cewa kan karen Buzaye bai fi wuyansa kauri ba, don haka abin wuyansa sai mai faɗin tafin hannu, a ɗaure shi can sama dab da kunnuwa. Daga kai gyararren abin wuya na liƙe a wurin Baba Mato. Shekara bakwai na yi ina wanke kwanuka ina share kashi kafin ya yarda ya miƙa mini igiya a daji.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba. Akwai igiya da abin wuya, da ƙahon da ake busawa a kira su, da gora, da matsefata ta cire ƙaya a tafin ƙafa da kaska a bayan kunne, sai man kaɗanya na shafa wa tsagewar ƙafa. Kowane kare da kwanonsa, ba a haɗawa. Abin da ba ya shiga jaka shi ne sanin halin kowanne, kuma shi ne sana'ar.

Karnukan farautarmu iri biyu ne, kuma duk wanda ya zo mini da maganar ajiye kare a gida, tsakaninsu yake zaɓe ko ya sani ko bai sani ba. Na farko shi ne na Buzaye, wanda ake gangarowa da shi daga arewa. Dogo ne, cikinsa a lafe, haƙarƙarinsa a waje, har mutane su riƙa zaginka wai kana kashe dabba da yunwa alhali haka Allah Ya yi shi. Da ido yake farauta. Duk abin da ya motsa da gudu nasa ne, ko zomo ne ko kyanwa ko ledar da iska ta ɗauka. Ba shi da wari, ba shi da yawan haushi, ga tsafta kamar mage. Amma mutum ɗaya ya sani a duniya, sauran jama'a kuwa kallon kayan ɗaki yake yi musu. Dokar Baba Mato a kansa ɗaya ce: wanda zai mallake shi, shi zai ba shi abinci da hannunsa kwana bakwai na farko, ba wakili, ba aike.

Na biyu namu ne ɗan ƙasa, gajere ja, kunnuwa a tsaye, wutsiya a nannaɗe. Shi da hanci yake aiki. Zai bi sawun gafiya har bakin raminta ya hau tono. A daji tare muke sakin su, ɗan ƙasa ya taso zomo daga cikin sabara, na Buzaye ya cimma shi. A gida kuwa ɗan ƙasa makwaɗaici ne, ɓarawon madafi, ga surutu, ga tone gindin katanga. Sai dai kowa nasa ne. Yara su ja kunnensa su hau bayansa, iyakacinsa ya yi hamma. In an ɗan zaga da shi safe da yamma ya wadatu, ba kamar na Buzaye ba, wanda in bai yi gudu ya ƙure ƙafarsa ba sai ya fara cin ƙofa. Malamai sun yarda a ajiye kare don farauta ko gadi ko kiwo, muddin ba cikin ɗaki zai zauna ba. To a gidan cikin birni, mai kaji da awaki da jikoki, ga lungu da ƙyar mutum biyu ke giftawa, ban taɓa ba kowa shawarar na Buzaye ba. Sau ɗaya na karya wannan ƙa'ida, kuma shekarar annoba ce ta ja.

A waccan shekarar, kimanin shekara goma ke nan, wata cuta ta shigo kangona. Kare zai ƙi abinci da safe, ya fara amai, ya koma zawo da jini, kwana biyu sai gawa. Lokacin Baba Mato ya riga mu gidan gaskiya, ya bar mini irin karnukan Buzayensa da ya yi shekaru yana tacewa. Ina ji ina gani suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, ni ke haƙa ramin ni ke binnewa. Da abin ya lafa, biyu suka rage. Akwai wata 'yar karya mai wata bakwai da nake kira Barewa, ita kaɗai ta saura a jinin karnukan Baba Mato. Sai wani ɗan ƙasa mai suna Guntu, wanda ina jin cutar ma raina shi ta yi ta wuce. Likitan dabbobi ya yi musu allura, ya ce mini cutar tana daɗewa a cikin ƙasa, in ina son karyar nan in ɗauke ta daga wurin na wasu watanni.

Ana cikin haka Alhaji Bukar ya zo. Ɗan kasuwa ne mai sayar da shadda a Kurmi, gidansu na gado yana unguwar Soron Ɗinki, asalin kakanninsa Barno. Sau biyu ɓarayi suna haura masa katanga, ga jikoki sun dame shi da hotunan karnuka a waya. Na nuna masa Guntu, na jera masa duk abin da na jera muku yanzu. Yana ta gyaɗa kai, amma idonsa na kan Barewa, wadda ta tsaya can gefe ta miƙe wuya kamar an zana ta.

"Malam Sabo, wannan gajeren ai a kowace bola akwai irinsa," in ji shi. "Waccan nake so."

Na ce masa waccan ba ta zaman gida ba ce. Ya ce gidansa da faɗi, tsakar gidan siminti ce, kare bai taɓa taka ta ba. Wannan maganar ta siminti ita ta kama ni, don abin da likita ya ce in nema ke nan. Muka yi yarjejeniya za ta zauna wurinsa, in ta isa haihuwa 'ya'yan nawa ne. Na ɗaura mata abin wuya mai faɗi da na ɗinka da hannuna, na ce kada a canza shi. Na maimaita masa dokar kwana bakwai har sau uku. Ya dafa ƙirji ya ce shi da kansa zai riƙa ba ta.

Wata biyu shiru, duk sanda na leƙa sai in tarar da ita ta yi sheƙi. Ran wata Alhamis da hantsi sai ga kira daga mai unguwar Soron Ɗinki, wai in zo yanzu-yanzu. Tun daga bakin lungu na ga mutane sun ɗaga kai sama kamar masu neman jinjirin wata. Ashe Alhaji ya ga abin wuyana ya yi masa ƙauyanci, ya sayo wata sarƙa mai ƙyalli ya sa mata. Ranar Laraba da safe ta ja da baya ta zare kai, ta bi wata kyanwa ta matakala ta haye saman ɗaki. Da ya bi ta da sanda yana daka mata tsawa, sai ta tsallaka gidan maƙwabta.

Wanda bai san cikin birni ba ba zai gane abin da ta samu a can sama ba. Gidajen a manne suke, rufin wannan ya taɓa na wancan, wani na azara, wani na kankare, wani na kwano. Karyar da aka haifa don filin Allah ta yi wata biyu a tsakar gida, sai ga fili ya buɗe mata daga wannan zanko zuwa wancan. Ta kashe tattabaru biyu na wani tela, Malam Habu. Ta cinye shanyar naman wata amarya, ta watsar da kuɓewa da kuka da aka baza a tabarmi. In ta bi ta kan rufin kwano kuwa, sai ka ce ƙanƙara ake yi, har liman ya rasa inda ya tsaya a karatun sallah.

Kamunta ya gagara ne saboda al'adarmu. Namiji ba ya hawa saman ɗaki haka kawai, don daga can ana hango tsakar gidajen mutane da matansu. Sai ya tsaya a gindin matakala ya ɗaga murya sau uku, "Salamu alaikum, za a hau sama, a kimtsa!" Sannan ya jira mata su shige ɗaki ko su yafa mayafi, har wata dattijuwa ta amsa ta ce a hau. Kafin azahar ɗin ranar farko Barewa ta haddace wannan kira. Da ta ji an ce za a hau sama, sai ta miƙe ta yi miƙa, ta tsallake gida uku ta sake kwanciya. A can ma sai an sake sallama, ita kuma ta sake matsawa. Wani mai wayo ya ce shi zai hau a ɓoye. Bai kai ga miƙewa tsaye ba wata mata ta sheƙa masa ruwan wanki daga nata saman, mai unguwa kuma ya yi masa faɗan da ya fi na karyar.

Mai unguwa bai ja magana da ni ba. Ya ce jama'a sun gaji, kuma wasu sun fara cewa mahaukaciya ce, iyaye sun hana yara fita. Ya ba ni zuwa la'asar ɗin Juma'a. In ba ta sauko ba, akwai mai bindiga da ya riga ya yi wa magana, zai hau da izinin unguwa ya harbe ta. Na ce masa ita kaɗai ta rage mini a irin maigidana. Ya ce ya ji, ya kuma tausaya, amma unguwa ba daji ba ce. Gaskiya ya faɗa.

Yinin Alhamis na yi shi a sama, ina sallama ina hawa ina sauka har muryata ta dushe. Na gwada hanji daga mahauta, na gwada tarkon igiya, duk a banza. Da safiyar Juma'a na hau da ƙahona na busa mata kiran da ta sani tun tana jaririya. Ta ɗago kai daga bayan wani zanko, ta kaɗa wutsiya sau ɗaya kamar mai gaida tsohon maƙwabci, ta mayar da kai ta kwanta. Nan na tabbata ta yi wani ubangidan, kuma haka ya kamata. Na sa Alhaji ya hau da tsoka a hannu. Ko kallonsa ba ta yi ba. Wannan kuma bai kamata ba.

Sai na zauna na zuba mata ido kawai, abin da ya dace in yi tun jiya. Na lura duk inda aka kore ta, in wuri ya yi shiru, kusurwa ɗaya take komawa a gidan Alhaji, ta kwanta ta sa hanci a bakin indararo. Na sauko soro na tambaye shi ɗakin wa ke ƙarƙashin wurin. Ya ce na mahaifiyarsa ne, Hajiya Falmata, amma ba ta nan, tun Talata ta tafi Yakasai wurin jikarta da ta haihu, sai an yi suna za ta dawo. Na dube shi na ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, wa ya ba ta abinci kwana bakwai na farko?"

Ya fara sosa ƙeya yana gyara hula. Kafin ya haɗa amsa sai muryar maiɗakinsa ta fito daga bayan ƙofa.

"Malam, rana ɗaya ya ba ta. Ta lasar masa hannun riga yana shirin fita kasuwa, bai sake ba. Hajiya ce take jiƙa mata ƙanzo da nono safe da yamma."

Ashe tsohuwar nan ita ta fi kowa faɗa ranar da aka kawo karyar, har ta ce ba za ta sha ruwa a gidan da ke da kare ba. Da ta ga dabba a ɗaure tun safe ba wanda ya kula ta, sai tsoron Allah ya kama ta, ta kankare tukunya ta kai mata. Daga nan kullum sai ta ja kujera ta zauna nesa kaɗan da ita, tana jan carbi tana yi mata mita. Barewa ba kyanwa kaɗai ta bi ba. Mutuniyarta ta nema ta rasa.

Ana saukowa daga masallaci Alhaji ya tari adaidaita sahu ya nufi Yakasai. Mai bindiga ya riga ya zo ya zauna a dakalin mai unguwa ya jingine abarsa a bango, ni kuwa na kasa ko kallon wajen. Can sai ga su. Hajiya Falmata ta haura tamanin, 'yar ƙarama, tana dogara sanda, tun daga bakin lungu take faɗa an taso ta daga gidan jego. Ta tsaya ta ƙare mana kallo a soro.

"Yanzu ku duka ɗin nan, da gemunanku, a kan 'yar karya guda kuka taru?"

Alhaji ya ce mata ko ta tsaya daga tsakar gida ta kira, tunda shekara shida rabonta da matakalar saboda gwiwa. Ta ce wanda aka kora da sanda ba ya saukowa don an kira shi daga ƙasa, sai an je an ba shi haƙuri. Ita mace ce, ba ta bukatar sallamar hawa, don haka babu kiran da zai sa Barewa ta tashi. Da zaune ta hau, tana ja da baya taki ɗaya-ɗaya, surukarta na biye da ita da kwanon ƙanzo. Mu maza muna soro ba ma ganin komai. Mun dai ji ta tana haki, sannan muka ji ta ce, ba da ƙarfi ba, "Siririya, zo nan, ja'ira. Haka ake yi?" Sai ƙarar farata a kan rufin kwano, da gudu, daga can nesa har saman kanmu. Daga nan shiru.

Sun fi rabin sa'a kafin su sauko, don sai da ta bari ta cinye abincin tas. Da suka fito soro babu igiya babu sarƙa, karyar tana manne da zanenta tana tafiya daidai da takun tsohuwa. Na durƙusa na ɗaura mata abin wuyanta na fata, ban kuma ji kunyar hawayen da ya zubo mini a gaban mutane ba. Mai bindiga ya saɓa abarsa ya tafi ana kiran la'asar. Alhaji ya bi gida-gida yana ba da haƙuri, ya saya wa Malam Habu wasu tattabarun, amarya kuma aka kai mata cinyar rago.

A ranar na ɗauke Barewa zuwa wani sabon kango da na samu a bayan gari, na kai Guntu gidan Alhaji. Cikin mako guda ya sace soyayyen kifi a madafi, ya tone gindin bishiyar lemo, ya kuma yi wa mai ruwa da mai gyaran wuta da surukin gidan haushi ba bambanci. Amma jikoki sun samu abin hawa, ɓarawo bai sake haura katangar ba, kuma ko sau ɗaya Guntu bai yi sha'awar matakala ba, don babu tukunya a sama. Alhaji da kansa yake ce wa mutane a kasuwa in za su ajiye kare su nemi gajeren.

Ita kuwa Barewa kwana biyu ta yi ba ta taɓa kwanona ba. Na aika wa Hajiya, ina tsammanin za ta aiko da ƙanzo. Sai ga ta da kanta a adaidaita sahu, tana faɗan nisan wurin da rashin kyan hanya. Daga ranar ta mayar da shi ƙa'ida, kowace Juma'a bayan la'asar. Takan zauna a bencin nan da kuke kai, in saki Barewa a fili ta yi gudu har ta zama ɗigo, tsohuwa tana tafa hannu tana cewa a bi a hankali kada ta karye. Haihuwar fari 'ya'ya shida ta yi, kuma duk dogayen karnukan da kuke gani a nan jininta ne.

Shi ya sa in kun nuna mini hoto a waya kuka ce wanne ya fi, ba na amsawa. Nakan tambaya gidanku akwai matakala, maƙwabcinku yana kiwon tattabaru, kuma wa ke kankare tukunya. In da gaske kake, je ka zo mini da wannan mutumin, da shi zan yi magana.

Hajiya Falmata ta rasu shekara uku da suka wuce, Allah Ya jiƙanta. Barewa ta tsufa, bakinta ya yi fari, ta daina gudu. Amma har yau ranar Juma'a in la'asar ta yi, ta ji ƙarar adaidaita sahu a kan hanya, sai ta tashi ta je bakin ƙofa ta tsaya. Nakan jiƙa mata ƙanzo da nono yadda tsohuwar take yi, in ajiye a gefen benci. Ba ta ci sai na matsa na ba ta wuri. Ni na karɓi haihuwarta, ni na fitar da ita daga annoba, amma a wurinta har gobe ɗan aiken Hajiya ne ni.